Nazare ko Kindagatin na Yini Guda: Wanne Gundumar Talakawa a Amurka Za Ta Fara Zuba wa Kuɗi?

A shekarar 1998 kotun ƙolin jihar New Jersey ta yanke hukunci na biyar a shari'ar Abbott da Burke, shari'ar da aka shigar tun 1981 a madadin yaran garuruwan Camden, East Orange, Irvington da Jersey City. Alƙalan suka umarci gwamnatin jihar ta yi wa gundumomin talakawa abu biyu lokaci guda: ta buɗe ajin nazare ga kowane ɗan shekara 3 da 4, sannan ta mayar da kindagatin na 'yan shekara 5 ya zama na yini guda maimakon rabin yini. Gundumomin da hukuncin ya shafa daga baya suka kai 31, har da Newark, Paterson da Trenton.

Wannan kotu ce ta sa hannu a lalitar jiha, shi ya sa aka iya haɗa biyun. Yawancin gundumomin talakawa a Amurka ba su da irin wannan gata. Ɗan abin da ya ƙaru a kasafinsu bana shi ke nan, kuma taura biyu ba ta taunuwa. Sai a ga hukumar makarantun gunduma ta zauna da daddare, iyaye sun cika kujerun baya, ana ta kai-komo: a kawo 'yan shekara 4 makaranta, ko a ƙara wa 'yan shekara 5 da suke ciki awanni?

Kafin a shiga ciki, a daidaita sunaye. Kindagatin shi ne ajin da ke gaban aji ɗaya na firamare, abin da mu ke ce wa rabin aji. A Amurka ya daɗe da zama ɓangaren makarantar gwamnati. Tun 1873 wata mata, Susan Blow, ta buɗe na farko a makarantun gwamnati na St. Louis. Na rabin yini awa biyu da rabi ne zuwa uku, na yini guda kuwa kusan awa shida. Nazare shi ne na 'yan shekara 3 da 4, kuma a jihohi da yawa har yanzu ba haƙƙin kowane yaro ba ne, sai wanda ya samu gurbi. Dalilin da ya sa kalmar gunduma ke da nauyi a nan kuwa shi ne, kusan rabin kuɗin makarantun gwamnati daga harajin yanki yake fitowa, galibi harajin gidaje. Unguwar da gidajenta ba su da daraja a kasuwa, makarantarta ma aljihunta ba nauyi. Gwamnatin tarayya kusan kashi 10 cikin 100 kawai take bayarwa, ragowar na jiha ne.

Lissafin malamai da ɗakuna

A ɗauka, a matsayin misali kawai, akwai gunduma mai yara 600 a kowace shekarar haihuwa. Idan kindagatin ɗinta na rabin yini ne, yara 20 a aji, tana da aji 30, amma malamai 15 da ɗakuna 15 sun ishe ta, domin malama ɗaya ce ke ɗaukar rukunin safe ta sallame su, ta karɓi rukunin rana a ɗakin nan dai. Ranar da aka koma yini guda, ana buƙatar malamai 30 da ɗakuna 30. Ƙarin 15 ke nan. Har ma akwai ɗan rangwame, tunda motocin da ke jigilar tsakar rana, masu mayar da 'yan safe su ɗauko 'yan rana, sun huta.

To a juya kan nazare. Idan za a bi ƙa'idar New Jersey, wato yara 15 a aji da malama da mataimakiya, yara 600 'yan shekara 4 suna buƙatar ɗakuna 40, malamai 40, mataimaka 40. A ƙara 'yan shekara 3, komai ya ninka. Kuma ba kowane ɗaki ba: ɗan shekara 3 yana buƙatar bayi a kusa da shi, ƙananan kujeru, wurin barcin rana, filin wasan da ba 'yan aji biyar za su banke shi ba. Ma'aikata 15 a hannu guda, 80 ko 160 a ɗaya hannun. Duk wata muhawara da ba ta fara daga wannan tazarar ba, hira ce kawai.

Akwai wani bambancin da ba a cika faɗa ba. 'Yan kindagatin sun riga sun shigo, sunansu na cikin rajista, gunduma ta san inda suke. 'Yan nazare kuwa sai an fita an nemo su, kuma iyalan da suka fi buƙata su ne suka fi wuyar samu: waɗanda ba sa jin Turanci, masu yawan ƙaura daga wannan haya zuwa waccan, masu tsoron duk wata takardar hukuma.

Abin da yini guda ke sayowa

A 1977 kusan kashi 28 cikin 100 na 'yan kindagatin a Amurka ne ke yini a makaranta. Zuwa tsakiyar shekarun 2010 sun haura kashi uku cikin huɗu. Ma'ana, gundumar da har yanzu take rabin yini ta zama saniyar ware, kuma manhajar aji ɗaya an riga an tsara ta da zaton yaron ya yi cikakken kindagatin. Malamar rabin yini ana so ta cusa aikin awa shida cikin awa uku. Abin da take fara yankewa shi ne wasa, zane, waƙa da tatsuniya.

Binciken da ya fi gamsar da ni a wannan ɓangaren shi ne na Chloe Gibbs a jihar Indiana. A zangon karatun 2007 zuwa 2008 wasu gundumomi ba su da isassun guraben yini guda, sai suka raba su ta hanyar ƙuri'a. Wannan ya ba da damar kwatanta yaran da ba abin da ya raba su sai sa'a. A ƙarshen shekara 'yan yini guda sun fi sauran ƙwarewa a matakan farko na karatu, kuma yaran gidajen 'yan Latin Amurka ribarsu ta ninka ta sauran. Ɗan'uwanmu da ke Bronx a birnin Niyok, wanda a gidansa Hausa ko Zabarmanci ko Tuwi ake yi, ya riƙe wannan: ba a kan 'ya'yansa aka yi binciken ba, amma hankali na ɗauka cewa yaron da sai a makaranta yake jin Turanci, awa shida ta fi masa awa uku.

Sai dai abin bai daɗe. A 2010 Harris Cooper da abokan aikinsa suka tattara binciken da aka yi shekara da shekaru, suka ga fifikon yana nan a ƙarshen kindagatin, amma kafin aji uku ya dusashe. Wanda ya ce maka yini guda zai canja rayuwar yaro har girmansa, ka nemi ya kawo hujja. Abin da ake da tabbaci a kansa matsakaici ne: ƙarin karatu a shekarar, sauƙi ga iyaye, da abincin rana ga yaron da wataƙila shi ne abinci mafi kyau da zai ci a ranar.

Nazare: inda riba take, inda kuma haɗari yake

Duk mai tallan nazare da shirin nazaren Perry yake farawa. A garin Ypsilanti na jihar Michigan, daga 1962 zuwa 1967, David Weikart ya ɗauki yara 123 'ya'yan talakawa baƙar fata, 58 aka sa su a aji, 65 aka bar su. Awa biyu da rabi kowace safiya, malama ɗaya ga yara biyar ko shida, kuma kowane mako malamar tana zuwa gida ta zauna da uwa awa ɗaya da rabi. Fifikon da yaran suka samu a gwajin ƙwaƙwalwa ya ɓace bayan 'yan shekaru a firamare. Amma da aka bi su har shekara 40, sai ga shi sun fi samun kuɗi, sun fi kammala sakandare, 'yan sanda ba su kama su kamar sauran ba. James Heckman, masanin tattalin arzikin da ya ci kyautar Nobel, ya ƙiyasta ribar da kashi 7 zuwa 10 cikin 100 a shekara.

Labari mai daɗi, amma a lura da yawan yaran: 58. Ba gundumar da ke shirin yin irin wannan, malama ɗaya ga yara shida da ziyarar gida duk mako. Kuma yaran da aka kwatanta da su a zamanin a gida suke zaune, ba wata makaranta. Yau yaron da bai samu gurbin gwamnati ba sau da yawa yana wani wurin reno, ko Head Start, shirin tarayyar da shugaban ƙasa Lyndon Johnson ya ƙaddamar a 1965. Shi kansa Head Start, da aka yi masa babban gwaji da yara kusan 5,000 daga 2002, an ga riba a ƙarshen shekarar farko, kafin aji uku kuma ta kusa bajewa.

Sai Tennessee, wadda ta hana masu wannan harka barci. Jihar ta faɗaɗa nazaren 'ya'yan talakawa daga 2005, zamanin gwamna Phil Bredesen, ya kai yara wajen 18,000. Masana na jami'ar Vanderbilt, ciki har da Dale Farran da Mark Lipsey, suka bi yara kusan 3,000 da aka raba wa gurbi ta ƙuri'a a 2009 da 2010. Da shigarsu kindagatin, 'yan nazare ne a gaba. Shekara guda, sauran suka kamo su. Sakamakon aji shida da ya fito a 2022 kuwa ya nuna 'yan nazaren ne a baya a lissafi da karatu da kimiyya, su ne aka fi hukuntawa kan rashin ɗa'a, su ne aka fi turawa ajin masu buƙata ta musamman.

Mun saba cewa da babu gara ba daɗi. A Tennessee babun ce ta yi nasara.

Sauƙin abin shi ne a ce araha ba ta ado, kuma gaskiya ne abin da Tennessee ke kashewa kan kowane yaro bai kai rabin na New Jersey ba. Amma a takarda shirin bai da laifi: malaman suna da digiri da lasisi, albashinsu irin na firamare, yara 20 a aji da mataimakiya. Bayanin da Farran ta riƙa yi bayan ta shiga azuzuwan da kanta shi ne, an ɗauki ɗan shekara 4 an jefa shi ginin da aka yi don manya. Bayi na can ƙarshen baranda, sai an jera layi. Ɗakin cin abinci na can, sai an jera layi, ba magana, ba taɓa bango. Lokaci mai yawa yana tafiya a jira da tsawa, abin da ya rage kuma malama ce ke magana yara na maimaita haruffa. Haruffa kuwa kowane yaro zai koya a kindagatin cikin 'yan watanni, shi ya sa kamo su bai yi wuya ba. Abin da ba a kamowa da sauri, wato yawan kalmomi, iya bayyana tunani, haƙurin ƙarasa abin da aka fara, ba a samun sa a layi. Wannan fassararta ce, akwai masu jayayya da ita, amma duk wanda ya taɓa ganin an tilasta wa ɗan shekara huɗu zama wuri ɗaya na rabin awa ba zai yi mamaki ba.

Boston ta ba da kishiyar wannan. Guthrie Gray-Lobe, Parag Pathak da Christopher Walters suka bi sawun yara sama da 4,000 da suka shiga ƙuri'ar nazaren birnin daga 1997 zuwa 2003. A jarrabawar jiha ba su ga wani bambanci ba. Amma waɗanda suka ci ƙuri'ar sun fi kammala sakandare da kusan maki 6 cikin ɗari, sun fi zarcewa jami'a ko kwaleji kai tsaye da kusan maki 8, kuma an fi ƙarancin dakatar da su daga makaranta ko tsare su a gidan kangararrun yara. Wato irin zanen Perry: makin jarrabawa ya ɓace, amfanin ya ɓullo daga baya. Wannan kuma gargaɗi ne ga hukumar da za ta auna nazarenta da jarrabawar aji uku kaɗai.

A koma New Jersey, domin a ganina nan darasin aiki yake. Bayan hukuncin 1998 jihar ta so ta yi abin a sauƙaƙe, ta tura yara gidajen renon da ke akwai a yadda suke. Aka koma kotu, a 2000 alƙalai suka gindaya sharuɗɗa: yara 15 a aji, malama mai digiri da takardar koyar da ƙananan yara, manhaja tsayayya. Ba a kori matan da ke aiki a gidajen renon unguwa ba. Aka ba su wa'adin shekaru da tallafin karatu su je su yi digiri, aka kuma ɗaga albashinsu ya kusanci na firamare. Aka sa ƙwararrun malamai masu zagayawa aji-aji suna gyara wa na ciki. Daga baya aka mayar da nazaren kansa na yini guda. A ma'aunin ingancin aji mai maki 7, azuzuwan sun fara ne ƙasa da 4, sai da aka yi kusan shekara takwas kafin su haura 5. Cibiyar binciken ilimin ƙananan yara ta jami'ar Rutgers, ƙarƙashin Steven Barnett, ta bi yaran har aji goma ta ga sun fi a jarrabawa, sun fi ƙarancin maimaita aji, kuma masu shekara biyu sun fi masu shekara ɗaya. Ba da ƙuri'a aka yi wannan binciken ba, don haka ƙarfinsa bai kai na Tennessee ko Boston ba. Kuɗinsa kuma ba wasa: sama da dala 15,000 kan kowane yaro a shekara, alhali matsakaicin abin da jihohi ke kashewa kusan rabin haka ne.

Shekara takwas. Ɗan siyasar da ke neman yanke ƙyalle kafin zaɓe ba ya son jin wannan adadin.

Idan an zaɓi nazaren, wane iri?

Nan ma akwai mararraba. Da kuɗi ɗaya za ka iya ba yara 200 rabin yini, ko yara 100 yini guda. Hujjar da ake da ita ta karkata ga yini guda. Arthur Reynolds ya kwatanta yara kusan 1,000 a cibiyoyin yara da iyaye na Shikago, masu awa bakwai da masu awa uku, a 2014 ya fitar da cewa masu awa bakwai sun fi shirin shiga makaranta kuma sun fi ƙarancin fashi. A Westminster ta jihar Colorado an yi irinsa da ƙuri'a, 'yan yini guda suka fi yawan kalmomi. Bayan haka akwai dalilin da ba sai an yi bincike ba: uwar da ke aikin jinyar tsofaffi daga bakwai na safe ba za ta iya barin aiki ƙarfe goma sha ɗaya ta ɗauko yaro ba. Gurbin rabin yini kyauta ne da ba za ta iya karɓa ba, sai ya faɗa hannun iyalin da ke da wani a gida. An ƙirga yara 200, amma ba waɗanda aka yi niyya ba.

Sai batun na kowa ne ko na talakawa zalla. Oklahoma tun 1998 ta buɗe wa kowane ɗan shekara 4, ta kuma yi dabarar da ta fi komai amfani: ta saka kuɗin cikin ƙa'idar rabon kuɗin makarantu, kamar dai wani aji ne na firamare, da malamai masu digiri a kan albashi ɗaya da sauran. William Gormley na jami'ar Georgetown ya daɗe yana bin yaran Tulsa, ya ga kowa ya amfana amma 'ya'yan talakawa da na masu jin Sifaniyanci sun fi. A gundumar da kusan kowa talaka ne, wannan muhawarar ba ta da wani nauyi. Tantance takardun albashi ma ɓata lokaci ne, yana kuma korar mutanen da aka fi so su zo.

Abin da ke da nauyi shi ne inda za a ajiye azuzuwan. Birnin Niyok, da Bill de Blasio ya hau kujerar magajin gari a 2014, ya ɗaga guraben yini guda daga kusan 20,000 zuwa wajen 70,000 cikin shekara biyu, da dala miliyan 300 a shekara daga jiha. Hakan bai yiwu ba sai da aka haɗa da cibiyoyin unguwa masu zaman kansu. A 2017 aka fara na 'yan shekara 3, daga Kudancin Bronx da Brownsville. Amma abu biyu suka biyo baya. Malaman cibiyoyin unguwa suna aiki iri ɗaya da na makarantun gwamnati a kan albashi ƙasa da nasu sosai, suka riƙa guduwa, sai 2019 aka cimma yarjejeniyar daidaita albashin farawa. Na biyu ya fi ɓoyuwa. Gidan reno da kuɗin 'yan shekara 4 yake rufe asarar renon jarirai, domin jariri yana cin ma'aikata da yawa. Da aka janye manyan, wata masaniyar tattalin arziki, Jessica Brown, ta ƙiyasta cewa guraben 'yan ƙasa da shekara biyu kusan 2,700 suka ɓace, a unguwannin talakawa. An gyara wa yayan, ƙanin ya rasa wurin zama. Kindagatin na yini guda ba shi da wannan illar sosai.

Aljihun iyaye

Ana yawan yin maganar kamar yaro ne kaɗai a gidan. Bayan Washinton, babban birnin ƙasar, ta buɗe nazaren yini guda ga 'yan shekara 3 da 4 daga 2008, yawan iyaye mata masu ƙananan yara da ke aiki ko neman aiki ya tashi da kusan maki 10 cikin ɗari sanadiyyar shirin. A New Haven ta jihar Connecticut, inda wasu guraben ke kai awa goma a rana, binciken da ya fito a 2024 ya nuna samun iyayen da suka ci ƙuri'a ya ƙaru da fiye da kashi 20 cikin 100, kuma ƙarin ya ɗore shekaru. Ko da makin yaro bai motsa ba, gidan da kuɗin shigarsa ya ƙaru haka ya canja.

A nan nazare ya fi kindagatin nesa ba kusa ba, saboda shekara ɗaya ko biyu cur yake ɗauke wa iyaye, ba awa uku ba. Amma a kula da abin da ake kira yini guda: a Niyok awa shida da minti ashirin ne, kwana 180 a shekara. Direban tasi ko mai kitso a Harlem ba ya tashi aiki ƙarfe biyu da rabi, kuma ba ya hutun bazara.

Wanne ya fi jure fari?

Ba wanda ya tsira. Arizona ta ɗauki nauyin kindagatin na yini guda zamanin gwamna Janet Napolitano, da tattalin arziki ya karye, a 2010 majalisa ta zare dala miliyan 218 ɗin gaba ɗaya. Gundumomi masu hali suka cike da kansu, wasu suka koma karɓar kuɗi a hannun iyaye. Duk da haka, nazaren da ya rataya a kan tallafin shekara uku ya fi saurin mutuwa, domin ba ya cikin abin da doka ta tilasta. Waɗanda suka ɗore su ne masu rijiyar kansu: Georgia da kuɗin cacar jiha tun 1993, San Antonio da ɗan ƙarin harajin saye da masu zaɓe suka amince da shi a 2012 suka sabunta a 2020, Oklahoma da ƙa'idar rabonta. Gundumar da za ta ɗauki malamai 40 da kuɗin da zai ƙare nan da shekara biyu, gara ta tsaya ta sake tunani.

Inda na tsaya

Idan gundumarku har yanzu rabin yini take yi wa 'yan shekara 5, ko tana karɓar kuɗi kafin yaro ya yini, ku fara da kindagatin. Ba don ya fi riba ba, bai fi ba. Don ya fi araha, ya shafi kowane yaro, kuma za a iya gama shi cikin shekara ɗaya ko biyu. Akwai kuma wauta a ce yaro ya yi awa shida yana ɗan shekara 4, ya koma awa uku yana ɗan shekara 5. Abin da aka gina a nazare yana buƙatar aji mai ƙarfi da zai karɓe shi. Colorado wannan jerin ta bi. Kafin 2019 jihar kashi 58 cikin 100 na kuɗin ɗalibi take biya wa ɗan kindagatin, iyaye da yawa na cikasa sauran. Gwamna Jared Polis ya fara rufe wannan, a 2020 masu zaɓe suka amince da ƙarin harajin taba, sai a 2023 aka buɗe nazaren kowa. Ko da yake awa 15 a mako ne ga yawancin yara, wanda ya dawo da mu kan uwar nan mai aikin bakwai na safe.

Idan kuwa kindagatin ya riga ya cika, to nazare ne, amma kaɗan mai kyau kafin mai yawa. 'Yan shekara 4 tukuna, yini guda, a unguwannin da suka fi talauci, tare da cibiyoyin unguwa a kan albashi ɗaya, a kuma ware kuɗin masu zagayawa suna horar da malamai tun ranar farko, ba sai an ga abin da ya rage ba. 'Yan shekara 3 su jira har azuzuwan farko su tsaya da ƙafafunsu. Zafin wannan shawarar a fili yake: za a yi ƙuri'a, wasu yaran za su rasa, iyayensu za su zo taro da fushi, kuma suna da gaskiya.

Ga uba ko uwar da ba ta da kujera a hukumar, abin da ke hannunta shi ne ziyara. Taron hukumar makarantu a buɗe yake ga mazauna gunduma, ko da mutum bai da ikon zaɓe, kuma yawancin makarantu suna barin iyaye su leƙa aji kafin rajista. Kada ki tsaya kallon hotunan bango. Ki tambayi malamar shekararta nawa a wurin, da malamai nawa suka tafi bara. Ki duba ina bayin yake, ina yaran ke cin abinci, ko akwai hanyar ba ɗanki abin da ya halatta. Sannan ki zauna minti ashirin ki saurara: muryar wa ta fi yawa a ɗakin, ta malama ko ta yara, kuma idan yaro ya yi tambaya, ana ba shi amsa a ƙara masa da wata, ko ana ce masa ya yi shiru ya shiga layi.